Wane garin, Inna?

A daminar 2024, wadda kowa ya san irin ɓarnar da ruwa ya yi a ƙasar nan, wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina kwance a tsakar gida nan Yamai don kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ɗaki ba ya shiguwa, sai ga saƙo a WhatsApp daga ƙanena da ke Tawa. Kalma biyar ce, har yau ban goge ba: "Inna tace garin ya lalace". Kafin in gama karantawa wani ya biyo, "ruwa ya shiga ko ina". Wallahi ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na kira, rezo ba kyau, na sake kira wayar a kashe, na kira maƙwabcinmu shi ma shiru, ni kuwa a raina har na gama ganin tabkin Babaye ya cika ya tumbatsa ya bi unguwa, gidanmu na laka ya zauna, tsohuwa tana tsaye cikin ruwa da ƙullin kayanta a ka. Daren nan ban runtsa ba, har na fara lissafin kuɗin kar ɗin asuba.

Sai bayan sallar safe wayar ta shiga, ita ta ɗauka da kanta.

"Inna lahiya? Kuna ina yanzu? Gidan ya faɗi?"

"Wane gida? Kai mi ad da kai da sassahe haka?"

"An ce mini garin ya lalace, ruwa ya shiga ko'ina."

Ta yi shiru kaɗan, sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Gaaarin tuwo nika nuhi ɗan nan! Masarar da ka aiko muna aka niƙo, ɗaki ya yi ɗiga ruwa ya jiƙe buhun, duk ya dunƙule ya yi tsami. Garinmu lahiya lau shi ke."

Ni dai ban yi dariya ba ranar, sai daga baya. Ƙanen nawa kuwa ya sha faɗa, ko da yake in don gaskiya ne ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa masa shi ya rubuta, harafi bai ɓace ba. Laifin na rubutun ne. A baki babu Bahaushen da zai rikita gari na zama da gari na tuƙawa, ko yaro ɗan shekara uku ya san na farkon gajere ne a faɗa, na biyun kuma ana jan "ga" ɗin, gaari. Amma da zarar an sa su a boko sun zama tagwaye, haruffa huɗu iri ɗaya, sai dai abin da ke gaba da baya ya raba maka gardama, in kuwa bai raba ba ka kwana zaune kamar ni.

Tun daga ranar kalmar nan ta maƙale mini. Na farko ma dai ban taɓa lura da yawan aikin da muke ɗora wa gari mai gajeren wasali ba sai da na zauna na ƙirga. Gari wurin zama ne, garuruwa, mai gari, ɗan gari, bayan gari, Sabon Gari da kusan kowane birni ke da nasa. Amma in an ce gari ya waye ai ba gidaje ake nufi ba, in an ce garin da zafi ko gari ya yi lumshi sama ake kallo, in mutum ya tare ka da "ya gari?" ba ya tambayar lafiyar magudanun ruwa, halin rayuwa yake tambaya, kai kuma ka ce gari da sauƙi ko aljihunka ba ko dala. Ga kuma na gari da ta gari, mace ta gari, na gari na kowa mugu sai mai shi, wanda babu ruwansa da kwalta ko kasuwa, hali ne. Sannan ga garin nan na "garin yaya?", na garin neman gira a rasa ido, da irin na mutanenmu na Adar da za su ce ya tahi garin ɗaukar ruwa. Shi kuwa mai dogon wasali bai da yawan surutu, duk abin da aka daka ko aka niƙa ya yi laushi shi ne, garin gero, garin dawa, garin kuka, garin lalle, garin magani, har siminti. Wani a fadarmu da na ba su labarin ya ce to ai karin maganar nan ma ta samu sabuwar fassara, da ɗan gari akan ci gari, wato in kana da ɗan gaari a buhu ka fi ƙarfin garin, kuma da irin tsadar da ake ciki ban ga ƙarya a maganarsa ba.

Abin da ya ba ni haushi da na bincika shi ne wannan matsalar kakanninmu sun riga sun magance ta. A ajami, malami in zai rubuta garin tuwo sai ya ƙara alif bayan harafin farko, alif ɗin nan shi ke ce maka ja, in garin zama ne kuwa ba alif, shi kenan magana ta ƙare. Da ƙanena da ajami ya yi mini saƙon da na yi barcina. Kuma ko a boko mu nan Nijar an taɓa rubuta dogon wasali da harafi biyu, duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci zai tuna yadda ake rubuta sunayensu, Gangaa, Saabon Ra'ayii, a biyu i biyu. Wannan salon ya biyo bayan taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 kan yadda za a rubuta harsunanmu, daga baya a 1980 aka sake zama a nan Yamai don daidaita rubutun Hausar Nijar da ta Najeriya, ninkin wasalin ya faɗi. Na gane dalilin, rubutu ya fi sauri kuma littafin Zariya ya karantu a Damagaram ba wahala, amma dai ni an ci mini barcin dare guda.

To, a fadarmu akwai wani abokina malamin lakwal, mu Mushe muke ce masa kamar yadda ɗalibansa ke kiransa. Shi kansa sunan abin dubawa ne, don wani baƙo daga Katsina da ya zo ya ji muna ta Mushe kaza Mushe kaza sai ya ja ni gefe ya ce don Allah me bawan Allahn nan ya yi muku kuke kiransa mushe shi kuma yana amsawa. Sai da na yi masa bayani cewa namu daga faransanci ya zo, "monsieur" ne bakinmu ya tauna ya zama haka, ba shi da haɗi da jakin da ya mutu a bayan gari. Irinsu da yawa gare mu, kaye na rubutu da kaye na filin kokowa, kare na fili da kare mai haushi, biro da a wurinmu ofis ne a Kano kuwa abin rubutu. Mushe dai mutumin kirki ne, shi ke sayen sukarin shayi in wata ya yi nisa, amma yana da ciwo guda, ya yi imani duk harsunan duniya daga Hausa suka fito. Kuma irinsa sun cika Facebook, kullum sai ka ga an jero sunayen ƙasashe ana fassara su da Hausa, mutane na ta buga "Allahu akbar, Hausa uwar harsuna" a ƙasa. Ni kuwa da na fara tono gari a wasu harsuna ban sani ba ashe itace nake ƙara wa wutarsa.

Na fara da wanda ma kunnenmu ya saba da shi. Duk wanda ya tashi yana kallon fim ɗin Indiya ya sha jin "gaari", mota ke nan a harshen Hindi da Urdu, ko ma duk wani abin hawa mai ƙafa, daga amalanken shanu har jirgin ƙasa. Abin mamakin shi ne yadda suke faɗarsa, "r" ɗinsu irin tamu ce ta gari, wadda harshe ke lanƙwasawa ya bugi ganɗa sau ɗaya, ba mai karkarwa ta "tara" lamba ba, kuma suna jan "ga" ɗin, wato in Ba'indiye ya ce a kawo gaari Inna kwarya za ta ɗauko. Wannan kalmar ta yi tafiya sosai, ta ƙetare teku ta sauka gabashin Afirka, don Indiyawa sun daɗe suna fatauci a Zanzibar da Mombasa, sannan da Turawan Ingila suka tashi shimfiɗa hanyar jirgi daga Mombasa zuwa bakin tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901 sun kwaso leburori wajen 32,000 daga Indiya. Yau a Swahili gari mota ce, jam'inta magari, jirgin ƙasa kuma gari la moshi, motar hayaƙi. A Habasha gari shi ne keken doki da ke ɗaukar mutane a ƙananan garuruwa, Somaliyawa ma gaari suke ce wa mota. Wato ɗan Nairobi da ya ce ya sayi sabon gari ba sarauta aka ba shi ba.

Mushe ya ce ai a fili yake, mota ita ke kai ka gari shi ya sa. Na ce to.

Sai na kawo masa na Japan. Can gari citta ce, ɗanyar citta ƙarama da ake yankawa siriri kamar takarda a jiƙa cikin ruwan tsami da sukari, ana ajiye ta gefen abincinsu na shinkafa da ɗanyen kifi da suke kira sushi, ka ɗan ci tsakanin loma da loma don ta wanke maka baki. Sunan kuma daga ƙara ya fito, su a kunnensu in ana tauna abu mai ƙarfi "gari-gari" yake yi, kamar yadda mu za mu ce ƙurus-ƙurus ko garas-garas. Nan Mushe ya ɗan yi shiru, ya kurɓi shayi, sai ya ce ai citta ma ana daka ta ta zama gari. Wani ya ce masa Mushe ka ji tsoron Allah, an ce maka yankawa ake.

Wanda ya kusa kayar da ni shi ne na Baskawa, wasu mutane ne da ke zaune a kan iyakar Sifaniya da Faransa, wajen Bilbao da Bayonne, harshensu kuma masana har yau ba su samo masa ɗan'uwa ko ɗaya a duniya ba, shi kaɗai ne kamar maraya. A harshen nan gari alkama ce. Alkama fa, wadda ake niƙawa a yi gari. Ni kaina da na gani sai da gabana ya faɗi na ce kar dai Mushe ya yi gaskiya. Amma ka tsaya ka yi tunani, ta wace hanya? Wane ayari ne ya tashi daga Katsina ko Konni ya kai wa manoman duwatsun Turai sunan abin da suke nomawa tun kafin su san akwai mu, ya kai kalma ɗaya tak ya juyo bai bar musu ko ruwa ko wuta ko uwa ba? Kalmar aro ba ta tafiya ita kaɗai kamar aljani, tana bin mutane da kaya, kuma tana barin sawu. Sukari da alkama da sabulu duk mun san ta hannun wa suka shigo mana, mota da lakwal ma haka.

Akwai dai gari guda da ni ma na yarda yana da sawu, shi ne garin rogo, abokin ɗalibi, wanda duk wanda ya yi zaman jami'ar Abdou Moumouni ko ya yi lise nesa da gida ya san darajarsa ranar da bursi ta yi jinkiri. Ka zuba a kofi, ka sa ruwan sanyi ka tsiyaye dattin da ya taso, sukari, ƙuli-ƙuli in da hali madara, ka jira ya kumbura ya ninka kansa, ko kuma ka kwaɗa shi da mai da yaji da albasa. Ƴan Najeriya garin kwaki suke ce masa. Daga Legas har Akra har Lome da Kwatano sunansa gari, wasu su rubuta da r biyu, Yarbawa da Ibo ma haka suke kiransa, kuma bayanin da aka fi yi shi ne sunan daga gaari namu na Hausa ya fito. Wannan bai ba ni mamaki ba, fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja garin sayen goro, zango-zangonsu na nan har yau a duk garuruwan kudu, ga hanya ga mutane ga kuma ma'ana ta yi daidai, abu ne da aka mayar gari. Mu nan Yamai yawancin wanda muke saye a Katako da Wadata daga Benin yake hawowa ta Malanville da Gaya, na Savalou shi ne mai suna, kuma tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya a 2023 kowa ya ji a aljihunsa.

To amma shi rogon kansa baƙo ne. Asalinsa Kudancin Amurka, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, kuma an daɗe ba a rungume shi sosai ba don mai ɗacin yana da guba, in ba a san yadda ake cire ta ba yana kisa. Dabarar ita ce a fere a goge a zuba cikin buhu a danne da dutse kwana biyu ko uku ruwan ya tsiyaye ya yi tsami, a tankaɗe, a soya a babban kasko ana juyawa har ya bushe, in an ɗiga manja ya fito ja-ja. Wannan dabarar mutanen Brazil sun daɗe da ita, kuma ta bazu a gaɓar tekunmu musamman a ƙarni na 19 ta hannun bayin da suka samu ƴanci suka dawo Ouidah da Porto-Novo da Legas, waɗanda ake kira Aguda. Cikin bayin da aka kai Bahia kuwa akwai Hausawa da yawa, sun yi tawaye ba sau ɗaya ba a farkon ƙarnin, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi musulmi suka yi babban boren da ake kira na Male a birnin Salvador, an samu layu da takardu da rubutun larabci a jikin waɗanda aka kashe, bayan nan ne aka koro da yawa zuwa Afirka.

Na kawo duk wannan ne saboda abin da ke tafe. A Brazil ma akwai kalmar gari, haruffa huɗun nan dai, kuma ma'anarta mai sharar titi. Ma'aikatan nan masu kwashe shara, waɗanda a Rio de Janeiro ke sa kaya ruwan lemu, su ne gari, har rana gare su ta musamman, 16 ga Mayu. A 2014 sun tafi yajin aiki ana tsakiyar kanibal, babban bikinsu na rawa da kiɗa na shekara-shekara, shara ta taru tsibi-tsibi a titunan Rio kwana takwas sai da aka ƙara musu albashi. Akwai ma ɗayansu da ya yi suna, Renato Sorriso, mai rawa da tsintsiyarsa in ya shigo share filin bikin, har aka kai shi Landan ya taka a bikin rufe gasar Olamfik ta 2012.

Da na faɗi haka a fada Mushe tsalle ya yi har ya kusa kifar da butar shayi. Ya ce shi kenan magana ta ƙare, kai da bakinka ka ce an kai Hausawa bayi Brazil, wa ke share gari in ba bawa ba, ana ce musu ku je ku share gari, ku je ku share gari, har sunan ya bi su. Kuma wallahi in ka ji shi yana faɗa sai ka yarda, komai ya zauna, ga Hausawa ga hanya ga ma'ana, ba a ma hana bauta a Brazil ba sai 1888. Da a Facebook ya rubuta da ya samu sharhi dubu.

Sai dai ba haka aka yi ba, kuma wannan karon akwai takarda. A 1876, zamanin Rio ce babban birnin ƙasar, gwamnatin sarki Pedro na biyu ta ba wani ɗan kwangila Bafaranshe mai suna Aleixo Gary aikin tsabtace birnin. Shi ya ɗebi ma'aikata suna bin tituna suna kwashe shara da kashin dawaki, mutane suka riƙa cewa ga mutanen Gary nan, a kira yaran Gary, a hankali sunan mai kwangilar ya zama sunan sana'ar, kamar dai yadda mu duk garin sabulun wanki Omo ne, duk abin rubutu bik ne, duk ɗanɗanon miya Maggi ne ko wane kamfani ya yi shi. Sunan wani Bafaranshe ne kawai, ba ruwansa da Kano ba ruwansa da rogo. Wato abincin ya taso daga Brazil ya zo nan ya samu sunan Hausa, can kuma sunan nan yana nan amma na wani abu ne dabam, in ka shiga kanti a Rio ka ce a auna maka gari tiya ɗaya sai dai a leƙa waje a nuna maka mai tsintsiya, abin da kake nema farinya suke ce masa.

Wannan shi ya fi tsaya mini a rai cikin duka. Na Japan da na Baskawa ba wuya ka ce karo ne, ba hanya. Amma na Brazil hanya tana nan shimfiɗe, jiragen ruwa sun yi ta kai da kawo, Hausawa sun taka ƙasar, kuma duk da haka kalmar ba ta bi hanyar ba. Irin wannan ne ya faru da boko, shekara da shekaru ana koya wa mutane wai daga "book" na Ingilishi ya fito don sun yi kama kuma duk harkar karatu ce, har Paul Newman, masanin harshe da ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin Hausa, ya yi rubutu a 2013 ya nuna kalmar tamu ce tun asali, tana nufin abin da ba na gaske ba, algus, irin amaryar boko da ake sakawa a madadin ta gaskiya, da ita mutanenmu suka yi wa karatun Nasara shaguɓe.

Na gwada yi wa Mushe lissafi tunda shi ma yana koyar da shi. Na ce ɗauki harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5, gaɓoɓi nawa za ka haɗa, ya ce 100. Na ce kalma mai gaɓa biyu fa, ya ce 10,000. Na ce to harsunan duniya sun kai wajen 7,000, kowanne da dubban kalmomi, kuma g da a da r da i harsuna da yawa na da su, ta yaya ba za a yi ta karo ba? Ai abin mamaki shi ne a ce ba a samu ba. Baki ɗaya ne Allah ya ba mu duka, harshe ɗaya leɓɓa biyu, sautukan da za su fito ba su da yawa. Farisawa na ce wa mugun abu "bad", Turawan Ingila ma haka, ma'ana ɗaya furuci kusan ɗaya, kuma masana sun bi asalin kowanne sun ga ba su haɗa komai ba.

Dangantaka ta gaskiya ba a fuska take ba, sai an shiga cikin ƙashi. Hausa tana da dangi kam, tana cikin harsunan Chadi, su kuma suna cikin babban gidan da ya haɗa Larabci da Tamashek da Amharik da Somali da harshen Misira na zamanin Fir'auna, kamar yadda masanin harshe Joseph Greenberg ya tsara a 1963. Ba da kalma ɗaya mai kama aka gane ba, da irin abubuwan da ba a arowa aka gane. Mu ce gidanka gidanki, Balarabe ya ce baituka baituki, ka ɗin nan da ki ɗin nan ba a islamiyya muka koyo su ba, gado ne. Ta ta mace, ta zo ta tafi, su ma da t suke nuna mace. Mutu da maata, mi da maa. Kuma ka ga abin dariya, Amharik da Somali danginmu ne na nesa, suna da gari, amma nasu daga Indiya suka aro, wato ko a cikin gida ɗaya ma kamar ba ta zama hujja ba.

Ba sai an je Japan ba ma. Nan Yamai na daɗe ina ɗauka unguwar Koira Kano Kanawa ne suka kafa ta, har na taɓa faɗa wa wani baƙo haka da ƙarfin gwiwa, sai wani abokina Bazabarme ya yi mini dariya ya ce kaano a zabarmanci mai daɗi ne, kwaara kuwa gari, garin daɗi ke nan, Koira Tegui kuma shi ne Sabon Garinsu. Shi ne ma ya ce kar in ji kunyar abin da ya same ni da Inna, su ma hamni gari ne na tuwo kuma hamni ƙuda ne, sai a baki ake rabewa. Ni da na fito daga garin da in ka rubuta sunansa da ƙaramin harafi ya koma tawa, ta mallaka, ban da bakin yi wa kowa dariya.

Mushe dai bai sauka ba. Ya yarda da na Brazil don na nuna masa sunan mutumin da shekarar a waya, amma ya ce a bincika da kyau, shi Gary ɗin kakansa daga ina ya fito. Yanzu kuma ya koma kan Tokyo, wai "to, kyau" ne.

Inna kuwa na aika mata wani buhun da leda babba ta rufe ɗaki, na kuma roƙi ƙanena don Allah in tsohuwa ta ba shi saƙo ya danna mata ta yi da muryarta. Jiya ma ta aiko, minti huɗu da rabi, rabinsa gaisuwa ne, a ƙarshe ta ce garin ya kusa ƙarewa, kuma ta ja "ga" ɗin sosai yadda ba zan yi kuskure ba.